Kason Bara'atu a Injin Shinkafa

Ranar Litinin da safe Bara'atu ta tarar an canja kwaɗon ofishinta.

Ta tsaya da tsohon makulli a hannu. Injin casar shinkafa yana ta ruri a bayanta kamar kullum, ƙaiƙayi yana sauka a kan mayafinta. Ma'aikatan da suka saba rige-rigen yi mata sannu da zuwa duk sun duƙufa kan buhuna, babu mai son haɗa ido da ita. Can sai dattijon da ke gadi ya matso, ya miƙo mata ambulan da hannu biyu, yana cewa shi dai aike aka ba shi.

Takardar sallama ce daga aiki. Layi huɗu kacal, da sa hannun Lukuman, yayan marigayi mijinta, wanda shi ne manajan kamfanin.

Shekara bakwai ke nan tana wannan wuri. Ta shigo gidan Alhaji Isah na Gusau tana amaryar ɗansa Mannir, lokacin da kamfanin bai wuce rumfar kwano da tsohon inji guda ba. Da Mannir ya so sayen sabon inji kuɗi suka gaza, ita ta sayar da gonar da ta gada wurin mahaifinta a Bungudu, ta haɗa da sarƙar gwal ɗinta ta aure. Mannir ya ƙi karɓa a matsayin kyauta. Ranar da suka yi wa kamfanin rajista, ya sa aka rubuta sunanta cikin masu shi, kashi goma sha biyar cikin ɗari. Tun daga nan ita ke sayo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga Mada zuwa Wonaka zuwa Tsafe, har ta kai idan ta damƙi shinkafa a tafin hannu ta san ko an jiƙa ta don ta yi nauyi.

Shekara uku da suka wuce Mannir ya kwanta ciwo na kwana tara, ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Hafsat. Da ta fita takaba ta koma gidan mahaifiyarta a Bungudu, amma ba ta bar aiki ba. Kullum ta shigo mota da sassafe, ta koma kafin la'asar.

Ta san laifinta. Ranar Juma'a manyan Attahiru, wani ɗan kasuwar hatsi na Tsafe, sun je Bungudu neman aurenta.

Ta ninke takardar, ta wuce kai tsaye ofishin Lukuman. Ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ya amsa yana kallon wayarsa. Ya ce ba shi da wata doguwar magana. Attahiru yana sayar wa wasu injinan shanshera, don haka ba zai yiwu matarsa ta zauna tana jin sirrin cinikinsu ba. Wanda ya zaɓi fita daga gida, in ji shi, sai ya fita gaba ɗaya.

"Na ji, Yaya Lukuman," ta ce. "Aikin naka ne, ka karɓe. Hannun jarina hwa?"

Sai lokacin ya ɗago kai.

"Wane jari? Abin da Mannir ya rubuta, don kina matar gidanga ya rubuta shi. Za mu zauna ranar Alhamis wurin Baba, a ba ki ɗan abin da za a ba ki, ki sa hannu."

Bara'atu ta juya. Ta fito ta bi ta tsakiyar ma'aikata a hankali, tana kiran kowa da sunansa tana yi masa sannu da aiki, har sai da kunya ta sa kowannensu ya miƙe ya amsa. Ba ta yi kuka a bakin ƙofa ba, ba ta yi a mota ba.

A Bungudu ta tarar labari ya riga ta isa. Inna Jummai, mahaifiyarta, tana zaune kan tabarma tana tsefe wa Hafsat kai, fuskarta ba walwala. Ta ce tun da hantsi aka aiko daga gidan Alhaji Isah. Sun ce ƙofa ba ta rufu ba. Idan Bara'atu ta haƙura da mutumin Tsafe ta auri Nura, ƙanin marigayi, aikinta yana nan, jarinta yana nan, yarinya kuma ta tashi a gidan ubanta.

Inna ta daɗe tana lallashi. Ta ce Nura yaro ne mai hankali, bai taɓa aure ba, kowa ya san tun rasuwar wansa yake ɗawainiya da Hafsat. Ta ce mace ba ta ja da dangin miji ta kwashe lafiya, kuma ita ta tsufa, ba ta da ƙafar zaryar kotu. In kuma Attahirun ne dole, to ta bar musu kayansu, arziki ai na Allah ne.

Bara'atu ta ce Nura ƙaninta ne, da hannunta ta sha zuba masa tuwo yana ɗan makaranta, ba za ta iya yi masa kallon miji ba. Game da barin kaya kuwa, ta tambayi Inna ko ta manta gonar waye aka sayar. Inna ta ci gaba da tsifa. Gonar nan ita da marigayi mahaifin Bara'atu suka share ta da hannunsu.

Washegari bayan azahar Attahiru ya zo. Tafiya ce mai ɗan nisa daga Tsafe, sai an ratsa Gusau, kuma kowa ya san hanyar ba ta son yamma, don haka zuwansa a tsakiyar mako ya nuna maganar ta dame shi. Dogo ne, baƙi, mai ƙarancin dariya. A kasuwa suka san juna, shekara biyu suna ciniki suna musu kan farashi kafin ranar da ya rasa abin cewa ya tambaye ta sunan unguwarsu. Matarsa ta farko ta rasu wurin haihuwa, bai sake aure ba.

Aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Bara'atu ta kawo ruwa da fura, ta zauna daga gefe. Zuciyarta ta yi sanyi da ganinsa, don tun jiya take jiran wanda zai ce mata ta yi daidai.

Ya jajanta mata, ya ce abin da Lukuman ya yi bai dace ba. Sannan ya gyara zama.

"Bara'atu, alfarma na zo nema. Ranar Alhamis ki sa musu hannu. Ko sisi kada ki karɓa, ki bar musu duka."

Ta dube shi, ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

Ya ce ita ba ta san abin da ake faɗi a kasuwar Tsafe ba. Tun ranar Juma'a ake yi da shi a rumfuna, wai Attahiru ya hango injin marayu shi ya sa ya nace wa bazawara. Jiya har wani ya tare shi yana murmushi yana kiran shi mai kamfani. Shi kuwa da jaki ɗaya ya fara, yana ɗauko dawa daga Bilbis, bai taɓa cin kwabon wani ba, kuma ba zai fara a kan matar da yake so ba.

"Ina da gida, ina da sito uku," ya ce. "Ki zo mani da kayan jikinki kawai. Wallahi ba za ki nemi komai ki rasa ba. Ina so duk Tsafe ta san ke na aura, ba inji ba."

Hawayen da ta hana fita tun jiya suka zubo. Ba ta share su ba.

"Malam Attahiru, ashe kai ma sa hannun ka zo nema."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne. Yaya Lukuman yana so in sa hannu don in fita ba komai. Kai kana so in sa hannu don in shigo ba komai. Mi ya raba ku? Kowa sunansa yake gyarawa da abin da yake nawa."

Ya roƙe ta ta yi masa adalci, ya ce shi don mutuncinsu su biyu yake magana.

"Mutuncina yana cikin wancan injin," ta ce. "Gonar ubana ce a ciki. Shekara bakwai ina hawa bayan mota cikin rana, ina da cikin Hafsat ina auna buhu a Mada. Ranar da Mannir ya kawo mani takardar kasona, ya ce in adana ta, ko bayan ransa kada in bari a ce zaman cin arziki na yi a gidansu. Yanzu in yar da ita don wani mai zaman rumfa ya yi maka murmushi? Gobe in Hafsat ta girma ta tambaye ni abin da na yi da wahalata, in ce mata na ba da ita don a yabi mijina a kasuwa?"

Attahiru ya daɗe yana kallon ƙasa. Ta san maganar ta shige shi, ta kuma san girman kansa ba zai bar shi ya juya nan take ba.

"Ina son ki, Allah ya sani," ya ce a hankali. "Amma ba zan kawo sadaki ba sai kin wanke hannunki daga wagga rigima."

"To ka riƙe sadakinka. Ni ma Allah ya san abin da ke raina game da kai. Amma ba zan saye ka da gonar ubana ba."

Ya tashi, bai taɓa furar ba. Tana jin ƙarar motarsa har ta ɓace, sannan ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta. Inna ta leƙo sau biyu, ta koma ciki.

Ranar Laraba ta ɗauko takardunta daga ƙasan akwati ta shiga Gusau wurin wata lauya, Lami, wadda suka yi sakandare tare. Lami ta karanta su a tsanake, ta ce mata aiki daban, mallaka daban. Manaja yana iya sallamar ma'aikaci, amma ba ya iya sallamar mai kamfani daga kamfaninsa. Muddin ba ta sa hannu ta sayar ba, kasonta yana nan, dole a kira ta duk taron masu jari, dole a ba ta rabonta duk lokacin da aka raba riba. Lami ta so ta raka ta zaman, Bara'atu ta ce a'a. Alhaji Isah uba ne a wurinta, ba za ta fara shiga falonsa da lauya ba sai in sun kai ta bango.

Ranar Alhamis da hantsi ta yi sallama a falon. Alhaji Isah yana kishingiɗe kan kilishi, tsufa da ciwon ƙafa sun rage shi ƙwarai tun rasuwar Mannir. Lukuman yana gefe da takardu a gabansa. Nura yana can kusa da ƙofa, kansa a sunkuye.

Ta durƙusa ta gaida tsohon, ya amsa yana kiran ta ɗiyata kamar yadda ya saba, ya tambayi Hafsat. Daga nan Lukuman ya karɓi magana. Ya yi dogon bayani kan yadda dukiyar gida ba ta bin mace zuwa gidan wani, ya ce hanya biyu ce: ko ta karɓi abin da suka yanke ta sa hannu, ko ta zauna a cikin gida ta hanyar Nura, kowa ya huta.

Kafin ta buɗe baki Nura ya ɗago.

"Yaya, ku cire ni daga wagga magana. Da ta so ni, da na fi kowa murna, ba zan ɓoye ba. Amma ban yarda a ɗaura mani aure don a tsare inji ba."

Bara'atu ta ji tausayinsa ya kama ta, don ba ta taɓa sanin abin ya kai masa haka ba. Lukuman ya galla masa harara, ya turo takardar gabanta da biro a kai.

Ta mayar masa da ita a hankali, ta juya wajen tsohon.

"Baba, ban zo roƙon aiki ba. Yaya Lukuman ya sallame ni, na karɓa, Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma kasona ba na sayarwa ba ne, yau ko gobe. Ba kyauta aka yi mani ba, kai shaida ne, a gabanka na kawo kuɗin gonar a ɗaure cikin ɗankwali. Abu uku nike nema. Sunana ya zauna inda Mannir ya sa shi. Duk taron da za a yi a kira ni, in zauna in ji, in faɗi nawa. Sannan kason Mannir da ba a raba ba shekara uku, a kira malamai a raba, a rubuta na marainiya da sunanta."

Lukuman ya ce wannan rashin kunya ce, mace ta zo har falon surukinta tana kafa sharaɗi. Ya ce in sun ƙi fa?

Ta ce in sun ƙi akwai hukuma, kuma ta san hanyarta, amma tana roƙon Allah kada ya nuna mata ranar da za ta tsaya gaban alƙali da mutanen da ta ci abinci kwano ɗaya da su.

Alhaji Isah ya yunƙura ya zauna sosai. Idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce ya tuna ɗankwalin, kore ne, kuma ya tuna a ranar ya ji kunya har ya kasa cin abinci, ganin surukarsa ce ta fitar da su. Ya ce Mannir yana gadon asibiti ya riƙe hannunsa ya ba shi amanar mutum biyu, matarsa da 'yarsa, ga shi yau an tara shi a ci amanar ɗaya.

"Ɗauke takardarka, Lukuman," ya ce. "Ina da rai ba a taɓa kasonta. Ɗiyata, ki auri wanda kike so. Zafin rabuwa da ke ne ya sa na yi shiru aka yi wanga abu, ki yafe mani."

Lukuman ya tattara takardunsa ya fita ko sallama babu. Bara'atu ta yi wa tsohon godiya, ta fito kanta a sama.

Tun fitarsa daga zauren Inna, kwana huɗu ba ta ji daga Attahiru ba. Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi sau ashirin. A rana ta biyar, ranar kasuwar Tsafe, ta yi shiri ta ce wa Inna za ta je sayen shanshera, wannan karon da kuɗinta, don kanta. Inna ta dube ta ta gefen ido, ta ce Allah ya sa shansherar ce kawai.

Ta same shi a bakin sitonsa, zaune kan benci tare da 'yan kasuwa biyar ko shida. Da suka hango ta hira ta mutu. Ta yi sallama, ta gaida su ɗaya bayan ɗaya, don babu wanda ba ta taɓa ciniki da shi ba a cikinsu. Sannan ta dubi Attahiru. Ya rame a ido.

Ta ce ta zo ne ya ji daga bakinta kafin ya ji a rumfa. Ba ta sa hannu ba. Kasonta yana nan, zai kuma ci gaba da zama nata ko tana gidan wa. In yana son ta a haka, ya san ƙofar gidansu. In ba ya so, ba ta riƙe shi da komai ba, sai ya sa a buɗe mata buhu ta duba, don ciniki ta zo.

Attahiru ya miƙe tsaye. Ya dubi mutanen da ke kan benci.

"Ga ta nan," ya ce. "Wanda ya ce injinta na bi, ya faɗa yanzu tana ji."

Ɗaya ya shiga gyaran hularsa, wani ya tuna yana da aike a bakin tasha.

Ya juyo gare ta, ya sassauta murya. Ya ce kwana biyar bai yi barcin kirki ba. Ya so ya ɗauke ta ba ta da komai don a ce Attahiru ya isa, bai lura ba cewa ita yake ragewa don ya ƙara wa kansa tsawo. Ya ce matar da ta tsaya gaban gidan Alhaji Isah ita kaɗai ta fito da haƙƙinta, shi ne ya kamata ya yi alfahari a ce mijinta ne.

Daɗi ya cika ta, amma ba ta bari ya gani ba. Ta ce a zauren Inna ya faɗi waccan maganar, don haka can zai je ya faɗi wannan.

Yana cikin murmushin da ta daɗe ba ta gani ba wayarta ta yi ƙara. Inna ce, tana magana numfashi sama-sama. Ta ce Lukuman ya zo da mota bayan fitarta, ya ce kakan Hafsat yana son ganin ta. Ta ba shi yarinyar. Sai yanzu Nura ya kira ya ce Alhaji bai aiki kowa ba, kuma ba gidan Alhaji aka kai ta ba, gidan Lukuman aka wuce da ita. Ya bar saƙo cewa 'yar ƙaninsa ba za ta tashi a Tsafe ba, in uwarta tana son ta, ta san takardar da za ta sa wa hannu.

Bara'atu ta sauke wayar. Kasuwar ta yi mata nisa, kamar daga cikin rijiya take jin hayaniyar. Ta maimaita wa Attahiru saƙon kalma bayan kalma, idonta a bushe.

Ya ja ƙofar sito ya datse, ya bar buhunan da ke waje yadda suke, ya buɗe mata ƙofar baya ta motarsa. Ta shiga ta zauna, ta gyara mayafinta.

Sai da suka hau titin Gusau, sun nufi gidan Lukuman, ta yi magana.

"In mun isa, ni zan yi magana."

"Ke za ki yi," ya ce, idonsa a kan hanya. "Ni tsayuwa zan yi a bayanki, inda kowa zai gan ni."